Yadda Ake Haɗa Injin Ƙanƙarar Firji da Ruwan Gida Idan Tankin Sama Gare Ka

Darasinmu na yau a kan manyan firjin nan ne masu ƙofa biyu, waɗanda ke yin ƙanƙara da kansu, ka kara kofi a jikin ƙofa ta zubo maka. A 'yan shekarun nan sun fara shigowa gidaje a Zango da Daura da Baure da Mai'adua, wasu a kayan ɗakin amarya, wasu kuma maigida ne ya sayo daga Kano ko Katsina saboda zafin bazara da azumi. Abin da ke faruwa a gidaje da dama shi ne, firji yana sanyi lafiya lau, amma ɓangaren ƙanƙarar, wanda saboda shi aka biya kuɗi mai tsoka, ko sau ɗaya bai taɓa aiki ba. Sai a ce dila ya cuci mutum. Galibi firjin lafiyarsa ƙalau. Ruwan da muke ba shi ne bai da ƙarfin da yake buƙata.

Kafin mu ɗauki sifana, bari mu fahimci abin da ke cikin na'urar, don idan ka gane wannan sauran aikin mai sauƙi ne.

Yadda injin yake aiki

A bayan firjin, daga ƙasa, akwai wani ɗan bawul mai aiki da lantarki. Idan allon na'urar ya tura masa wuta sai ya buɗe, ruwa ya bi ta siririn tiyo ya hau sama ya zuba cikin farantin ƙanƙara da ke cikin firiza. Idan wutar ta yanke sai bawul ya rufe. Ruwan ya daskare, wani ma'aunin sanyi da ke jikin farantin ya shaida wa allo cewa ƙanƙara ta yi, sai ƙaramar mota ta juye farantin cikin kwando. Tsofaffin samfura irin na Amurka sukan ɗan ɗumama ƙasan farantin don ƙanƙarar ta saki, sannan wasu yatsun roba su turo ta. Na LG da Samsung da yawa kuwa murɗe farantin roba suke yi, kamar yadda kake murɗa na hannu. Daga nan a sake zuba ruwa. Zagaye ɗaya yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye, kuma aikin ba ya tsayawa sai wani hannu ko ido na lantarki ya gane kwando ya cika.

Ga inda gizo ke saƙar. A firji da yawa, injin ba ya auna yawan ruwan da ya shiga faranti, lokaci kawai yake ƙirgawa. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan umarnin: buɗe bawul, jira daƙiƙa bakwai, rufe bawul. Shi ke nan. Bai tambaya ko ruwa ya zo ko bai zo ba. Wanda ya tsara shi ya ɗauka cewa ruwan gidanka yana zuwa da ƙarfi iri ɗaya kullum, domin a irin gidajen da aka ƙirƙiri abin dominsu haka lamarin yake. Kamfanin Servel na Amurka ne ya fara sayar da firjin gida mai yin ƙanƙara da kansa a 1953, a ƙasar da ruwan famfo ke shiga gida da matsi mai kyau dare da rana. Akwai sababbin samfura masu ma'aunin gudun ruwa a ciki, amma su ma suna da mafi ƙarancin matsin da ba sa aiki ƙasa da shi.

Lissafin da ya kamata ka yi kafin ka sayi komai

Buɗe littafin firjinka ka nemi shafin haɗa ruwa. Za ka ga an rubuta matsin da ake so, da ma'aunin psi ko bar. Mafi yawa suna farawa daga psi 20 ko 30 zuwa 120, wato kusan bar 1.4 ko 2 zuwa bar 8. Idan firjin yana da filta a ciki, wasu kamfanonin sukan nemi psi 40, domin filtar ma tana cin nata rabon.

To mu a nan yaya muke samun ruwa? Gidan da ya samu hali yana da bohol ko rijiya, da samo a ciki, da tanki a kan ƙarfe ko kan ginin bulo. Wani kuma 'yan garuwa ke cika masa. Daga tanki ruwa yake gangarowa da nauyinsa, ba abin da ke tura shi. Ƙa'idar kuwa ba ta canzawa a ko'ina a duniya: tsayin ruwa mita 10 yana ba da kusan bar ɗaya. Wato kowace mita ɗaya tana ba ka psi 1.4.

Mu ɗauka tankinka yana kan ƙarfe mai tsayin mita 4, ruwan da ke ciki ya kai mita ɗaya. Jimla mita 5. Matsin da zai iso bayan firjinka bai wuce rabin bar ba, psi 7 ke nan. Firji yana neman 20 aƙalla. Ko gidan bene gare ka, tanki yana sama a mita 8, psi 11 za ka samu. Kafin ka kai psi 20 sai tanki ya hau mita 14, tsayin bene mai hawa huɗu ko fiye. Ka duba cikin garin Zango ka gaya mini gidaje nawa ke da irin wannan hasumiyar.

Kuma a lura, girman tanki ba ya ƙara matsi. Na sha jin ana cewa a sayo mai lita 2,000 a maye gurbin mai 500 don ruwa ya yi ƙarfi. Idan a wuri ɗaya aka ɗora su, bambancin bai wuce na ɗan tsayin da babban ya fi ƙaramin ba. Yawan ruwa daban, ƙarfin turi daban.

Me ke faruwa idan aka haɗa haka nan da ruwa marar ƙarfi? Cikin daƙiƙa bakwai ɗin nan ruwa kaɗan ne zai shiga, ƙanƙara ta fito ƙanana ko mai rami a ciki, ko kuma ba komai. Abin da ya fi wannan muni shi ne, irin wannan bawul ɗin da matsin ruwan yake dogara wajen rufewa ruf. Idan matsin ya yi kaɗan sai ya riƙa ɗiga, ɗigon ya daskare a bakin tiyon da ke cikin firiza ya toshe shi. Wani lokacin ruwan ya nemi wata hanya ya sauko bayan firji.

Idan firjinka yana da wurin tarar ruwan sha a ƙofa, akwai gwaji mai sauƙi da kamfanin Whirlpool ya sa a littattafansa: cire filta, ka tari kofi ɗaya mai mililita 237. Idan ya cika cikin daƙiƙa 8 ko ƙasa da haka, matsin ya isa. Agogon wayarka ya wadatar.

Hanyoyi uku na magance matsalar

Ta farko, wadda na fi ba da shawara ga wanda bai riga ya saya ba: akwai firjin da ba ya buƙatar a haɗa shi da famfo sam. LG da Samsung duk suna yin irinsa. Yana da ɗan tanki a ciki mai cin lita huɗu ko kusa da haka, ka cika da hannu, shi kuma yana da ƙaramin famfonsa da ke kai ruwan faranti. Ba fasa bango, ba yoyo, kuma kai ke zaɓar ruwan da za ka zuba. Ka tambayi mai shago ƙarara ko mai tankin ciki ne ko sai an ja masa ruwa, kuma ka buɗe ƙofa ka ga tankin da idonka.

Ta biyu, ka ja ruwa daga gorar ruwa mai lita 19, irin wadda ake kifawa kan dispensa. Akwai ƙaramin famfon lantarki da aka yi musamman don haka, na kamfanin Flojet ya fi suna. Ana zura sandarsa cikin gorar, shi kuma ya tura ruwa ta tiyo zuwa firji da matsin da ya dace, ya tsaya da kansa idan ruwa ya ƙare. Ga ɗan haya wannan ta fi, don ba ka taɓa fayif ɗin mai gida ba.

Ta uku ita ce ainihin darasinmu: ja daga fayif ɗin gida, a sa ƙaramin busta a tsakani. Abin da kake nema shi ne famfo mai makunnin matsi a jikinsa, wanda ke tashi da kansa idan an buɗe ruwa, ya mutu idan an rufe. Ƙananan masu bolt 12 ko 24 sun isa, kuma suna tafiya da tsarin sola. Duba lambar da aka rubuta a jikinsa ta matsin da yake tsayawa a kai. Tsakanin psi 40 da 60 ya yi daidai. Akwai masu kaiwa sama da 120, irin na wankin mota da feshi, ka nisance su, za su fasa maka kayan cikin firji. Idan kuma gidanka dama yana da babban busta mai tura ruwa zuwa bandakuna da kicin, to ka huta, gwada matsin kawai.

Kayan aiki da jerin haɗi

Za ka buƙaci mahaɗa mai baki uku, wadda masu gyaran famfo ke kira ti, daidai da fayif ɗin kicin ɗinka, galibi rabin inci. Sai ƙaramin bawul na rufewa, da rediyusa mai rage baki daga rabin inci zuwa kwata, da rariyar tare yashi, da busta, da filta mai maikuron 5 a cikin gidanta, da farin tef na zare, sai tiyo mai kaurin kwata inci wanda aka yi don ruwan sha. Wannan na ƙarshen kada a yi wasa da shi. Tiyon da magina ke auna lebur da shi, ko na man janareta, yana sa wa ruwa wari, kuma ba a yi shi don ɗaukar matsi ba. Irin tiyon da ake sa wa na'urar tace ruwa shi ne daidai, kuma a shagunan kayan bohol da tace ruwa za ka fi samunsa.

Jerin ya kasance haka: ti, bawul, rariya, busta, filta, tiyo, firji. Dalilin sa filta bayan busta shi ne ruwan tanki ba shi da ƙarfin ratsa ta, idan ka sa ta gaba za ta shaƙe famfon ya riƙa jan iska. Rariya kuwa ramukanta manya ne, tana tare yashi ba tare da ta rage gudu ba, kuma yashin bohol shi ne babban abokin gabar famfo da bawul.

A bidiyon Turawa za ka ga wani bawul da ake ɗaurawa a jikin fayif a murɗa allura ta huda shi. Kada ka yi amfani da shi. Don bututun jan ƙarfe aka yi shi, ramin da yake hudawa ƙarami ne mai saurin toshewa, kuma ko a can Amurka dokokin gini na wurare da yawa sun hana shi saboda yoyo. A fayif ɗin roba irin namu ɓarna kawai zai yi.

Aikin kansa

Cire firjin daga soket. Rufe bawul ɗin da ke ƙarƙashin tanki, ka buɗe famfon kicin ruwan da ya rage a layi ya tsiyaye. Zaɓi layin ruwan sanyi mafi kusa, galibi ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Idan gidan yana da hita, tabbatar ba layinta ka kama ba.

Yanka fayif ka sa ti. Idan PVC ne, goge bakin ya bushe, shafa gam, haɗa, ka ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin kafin ka saki ruwa. Idan PPR ne, koren nan da ake narkawa da inji, kira mai gyaran famfo ya yi maka wannan gaɓar kawai, aikin minti goma ne. Duk inda ke da zare, naɗa farin tef ta yadda ɗaurin zai bi shi, zagaye biyar zuwa shida. Amma a goron da ke matse tiyo, da mahaɗar da ake tura tiyo ciki ta kama, ba a sa tef. Su da roba ko zobe suke riƙe ruwa, tef hana su zama yake yi.

Kafe busta a bango sama da ƙasa, inda ruwan wanke-wanke ba zai fantsama masa ba, ka bi kibiyar da ke jikinsa mai nuna inda ruwa ke shiga da inda yake fita. Filta ma tana da tata kibiyar.

Yanzu tiyo. Yanka shi da reza mai kaifi, yanka ɗaya a miƙe, don bakin da ya karkace ko ya lotse shi ne tushen yawancin yoyo. Bi da shi ta gindin bango, nesa da murhu da tukunyar gas da inda rana ke duka. A bayan firji ka bar rarar kusan mita biyu da rabi a naɗe kamar gammo, yadda za a iya jawo firjin a yi shara ba tare da an fizge shi ba. Idan gidan akwai ɓera, kuma wane gida ne mai buhun gero da babu, zura tiyon cikin fayif ɗin wayarin ko ka sayi mai rigar saƙar ƙarfe.

Kada ka haɗa da firji tukuna. Sa bakin tiyon cikin bokiti, buɗe ruwa, kunna busta, ka bar shi ya zuba har ruwan ya fito garau, ba ɓurɓushin roba ba warin gam. Sannan ka rufe, ka haɗa da bawul ɗin bayan firji. Ɗaura goron da hannu har ya tsaya, ka ƙara ɗan kaɗan da sifana. Bakin roba ne a firji da yawa, idan ka nuna masa ƙarfi zai tsage.

Buɗe ruwa ka saurara. Busta zai yi ƙara na ɗan lokaci ya yi shiru. Idan ya yi shiru ya zauna shiru, haɗinka ya yi. Idan kuwa yana tashi bayan kowane minti kaɗan alhali ba wanda ya taɓa ruwa, akwai inda ke yoyo, ko da idonka bai gani ba. Bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Wannan gwajin ka ɗauke shi da muhimmanci, domin busta bai san bambancin firji da tiyon da ya fice ba. Idan ya fice da dare, zai kwashe tankin gaba ɗaya ya juye maka a ɗaki, kuma wanda gininsa na ƙasa ne ya san abin da ruwa ke yi wa gindin bango.

Idan komai ya bushe, mayar da firji soket, kunna injin ƙanƙarar. Mai wurin tarar ruwa a ƙofa ya tari lita da yawa ya zubar don iska da baƙin garin filta su fita. Ka ba shi awa 24 kafin ka sa ran ganin ƙanƙara, firiza tana kan digiri 18 ƙasa da sifili. Zubin farko guda uku a zubar da su.

Tsabtar ruwan

Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Na kwalara da na taifot suna iya rayuwa cikin ƙanƙara, su farfaɗo idan ta narke a cikin zoɓo ko kunun aya. Filtar cikin firji kuma gawayi ce, aikinta cire wari da ɗanɗanon kulorin daga ruwan da hukuma ta riga ta tace, ba a yi ta don mayar da ruwan rijiya abin sha ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce: ruwan da ba za ka ba ɗanka ya sha kai tsaye ba, kada ka kai shi injin ƙanƙara. Idan buɗaɗɗiyar rijiya ce, ko ba ka san inda ɗan garuwa ya ɗebo ba, koma hanya ta ɗaya ko ta biyu, ko ka ƙara fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta bayan filta. Tanki ya kasance da murfi, a riƙa wanke shi, musamman bayan ƙurar hunturu. Filtar firji ana canza ta duk wata shida, ta waje kuwa da ka ga ta yi ja.

Wuta

Ko ruwa ya yi daidai, ƙanƙara sai da wuta mai ɗorewa. Idan KEDCO ta kawo ta ɗauke, firiza za ta fara neman sanyinta ne kafin injin ya yi zubi ko ɗaya. Idan aka daɗe babu wuta kuma, ƙanƙarar kwando ta narke, ta sake daskarewa ta zama dunƙule guda, ta riƙe ƙarfen da ke turo ta. A nan sai ka zare kwandon ka juye, kada ka yi ta danna maɓalli motar ta ƙone.

Masu sola su kwantar da hankali, ƙanƙarar kanta ba ta da ci sosai. Mayar da lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 30 zuwa ƙanƙara mai digiri 18 ƙasa da sifili yana buƙatar cire zafi kusan kilojul 500, wanda a wutar firji bai fi kashi ɗaya cikin goma na yunit ba. Firjin gaba ɗayansa ne mai ci, yunit ɗaya zuwa biyu a rana, ya fi haka a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Don haka duba takardar da ke manne a jikinsa, ka nemi ajin yanayi. Harafin T yana nufin an yi shi ya jure har digiri 43, ST 38, N kuwa 32 kacal, wanda a kicin ɗin Zango cikin bazara wahala kawai zai sha.

Mai sayen na hannu ya ƙara duba abu ɗaya a takardar: bolt nawa? Wutarmu 230 ce. Firjin da aka yi don kasuwar Amurka 120 ne, kuma har bawul ɗin ruwansa 120 ne. Sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ta fi ƙarfin firjin nesa ba kusa ba saboda fizgar da kwamfireso ke yi wajen tashi.

Wani abin kuma, duk ranar da tanki ya ƙare, kashe injin ƙanƙara da busta. Injin zai ci gaba da buɗe bawul a kan lokacinsa ko babu ruwa, busta kuma ya yi ta gudu a bushe. Abokaina masu wasa da Arduino da ESP32 za su ce a sa ma'auni a tanki a rubuta 'yan layuka ya riƙa kashe famfo yana turo saƙo a waya. Yana da daɗin yi, kuma wataƙila mu yi darasinsa nan gaba. Amma filot na lantarki, irin wanda ake sa wa samo, zai yi wannan aikin ba tare da layi ɗaya na manhaja ba, kuma ba ruwansa da sabis.

Daga ƙarshe, ga masu tambaya ko za a iya sana'ar ƙanƙara da shi a azumi: a'a. Abin da yake yi a yini bai wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, na buɗa-bakin gida ne. Mai son sayarwa ya nemi firiza ta kwance ko injin bulo na ƙanƙara, ya ɗaura ruwansa a leda kamar yadda aka saba. Idan kuma za ka yi tafiya ta kwanaki, ko da zuwa Daura ne hawan Sallah, rufe ɗan bawul ɗin da ka sa bayan ti, zare busta daga wuta, ka juye kwandon.